Wurno: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wurno tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan tudu, fadamar Gulbin Rima kuwa tana shimfiɗe a ƙasanta. Ba da ka aka zaɓi wurin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ya kafa ta ribaɗi wajajen 1830, lokacin da Gobirawa da Abzinawa ke kawo hari daga arewa. Ribaɗi gari ne na bakin iyaka, inda mutum zai yi noma, ya yi karatu, ya kuma kwana da shirin yaƙi. Daga kan tudun ana hango abokan gāba tun daga nesa, fadama kuma ta ciyar da masu tsaro.

Bello bai tura wasu ya zauna a Sakkwato ba, shi da kansa ya tare a Wurno. Bayan nasarar da ya samu a yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a nan a 1837, kuma hubbarensa na garin, ana ziyararsa har yau. Ɗansa Aliyu Babba ma ya mai da ita mazauninsa, a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth ya sauka garin a 1853. Ke nan an daɗe ana tafiyar da mulkin daular daga Wurno, abin da yaranmu da yawa ba sa ji a makaranta, kuma hakan abin takaici ne. Sarautar garin ita ce Sarkin Sudan, wadda marigayi Alhaji Shehu Malami ya riƙe.

A yau ruwa ne ke juya rayuwar garin. Ku leƙa fadama da rani: manomi tsaye cikin laka yana buɗe wa fangalin shinkafa ruwa, ga kuma albasa da tafarnuwa da aka san yankin da su, an cusa a buhuna ana jiran mota. Madatsar Lugu na kusa, babbar madatsar Goronyo kuma tana sama da garin a kan Rima. Ta Goronyon ce ke riƙe ruwan noman rani, amma in ya yi yawa mutanen ƙasa ke kwana a ciki. A 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a ƙauyukan wannan kwari.

Kudu da Wurno akwai Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi ma daga zuriyar Muhammadu Bello ya fito.