Shin Ƙudan Yashi Yana Zaɓen Wanda Zai Ciza?

Wani mai sauraronmu, manomin riɗi daga Gadarif ta ƙasar Sudan, ya aiko yana tambaya: wai gaskiya ne ƙudan da ke kawo cutar kala-azar yakan zaɓi wanda zai ciza?

To Malam, akwai ƙamshin gaskiya. Shi wannan ƙuda bai kai sauro girma ba, kuma macen ce kaɗai ke shan jini. A 2021 masana a Jami'ar Lankasta ta Ingila sun ba da sakamakon gwajin warin gashin karnukan Barazil, inda kare ne ma'ajiyar cutar. Matan ƙudan sun fi rububin warin kare mai cutar, mazan kuwa ko oho. Wato ƙwayar cutar kan sauya warin jikin da ta shiga, har mai ɗaukarta ta zo da kanta. Kun ji makirci! In ta shiga cikin ƙudan kuma, sai ta toshe masa maƙogwaro, ya kasa ƙoshi, ya yi ta cizo.

Saboda haka masu kwana a gona kusa da aduwa da dushe, ku shige gidan sauro mai magani tun magariba. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da kumburin saifa kuwa, a garzaya asibiti, don in an bar shi kisa yake yi.