Yadda Ake Haɗa Jirgin Ƙasa na Lego Mai Tafiya a Ƙarƙashin Ruwa

Kamfanin Lego, wanda Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, ya fara fitar da jirgin ƙasa na wasa mai aiki da batir a 1966. Daga baya wasu masu sha'awar ƙere-ƙere suka fara shimfiɗa dogonsa a gindin tankin kifi ko tafkin ninƙaya, jirgin yana bi ta cikin ruwa. Matsaloli uku ke tare musu hanya: nauyi, lantarki da sarrafawa.

Nauyi ne babban ƙalubale. Robar ABS da ake yin bulolin Lego da ita tun 1963 ba ta fi ruwa nauyi ba sai da kusan kashi 5 cikin 100, ga kuma iskar da ke maƙalewa a ramukan ƙasan kowane bulo. Ruwa kuwa yana ɗaga duk abin da aka tsoma da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Tun da nauyin jirgi ne ke danne ƙafafunsa a kan dogo, idan ruwa ya rage nauyin sai ƙafafun su riƙa juyawa a wuri ɗaya, ko taragon ya taso ya kife. Saboda haka ake girgiza taragon a cikin ruwa har kumfar iska ta daina fitowa, sannan a cusa gutsattsarin ƙarfe ko dalma a ƙasansa, a kuma danne dogon shi ma. Wasu kan yi amfani da dogo mai haƙora, irin na jirgin Lego mai layi ɗaya na 1987, don giya ta riƙa cizon haƙoran tana jan jirgin.

Sai lantarki. Komai matsewar buloli, ruwa na ratsa tsakaninsu. Ƙaramin inji kan iya juyawa na ɗan lokaci a ruwan famfo, amma tsatsa za ta cinye shi, ruwan gishiri kuwa ya fi saurin ɓarna. Don haka ake rufe batir da inji a cikin gwangwanin roba mai murfi da zoben roba. Don kada a huda gwangwanin, sai a ɗora maganaɗisu a kan sandar injin daga ciki, wani kuma daga waje; na ciki na juyawa, na waje na binsa.

Na uku shi ne aika umarni. Jiragen Lego na tun 2018 suna karɓar saƙo ta Bluetooth, wanda ruwa ke shanye shi cikin ɗan taƙaitaccen zurfi. Mafita ita ce a kunna jirgin tun kafin a tsoma shi, ko a ja waya zuwa sama, ko a koma ga rediyo mai ƙaramar mita kamar megahaz 27, wanda ke ratsa ruwan da ba na gishiri ba.

Ko an warware duk waɗannan, jirgin ba zai yi gudu ba, domin ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Shi ya sa magina ke zaɓar giyar da ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja.