Nauyin Madanni Shi Ne Darajar Fiyanon Lantarki

Sheda, Abuja: Masu otal-otal, makarantu masu zaman kansu da majami'u a Babban Birnin Tarayya, daga Sheda da ke kan hanyar Lokoja har zuwa tsakiyar gari, suna da dalilin fifita fiyanon lantarki mai siffar fiffike a kan na gargajiya. Na gargajiya yana da tsirkiyoyi sama da 200, kuma bushewar hunturu takan motsa katakonsa har sautinsa ya karkace. Na lantarki kuwa ba ya bukatar mai saita sauti.

Sai dai ƙyallin jikin fiyano ba shi ne darajarsa ba. Darajar tana ƙarƙashin madannansa 88, farare 52 da baƙaƙe 36.

A fiyanon asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen shekarar 1700, kowane madanni yana cilla 'yar guduma ta bugi tsirkiya. Yatsa yakan bukaci nauyin kimanin giram 50 kafin madannin ya sauka. Gudumomin ɓangaren hagu, masu babbar murya, sun fi na dama nauyi.

Wannan yanayi ne kamfanonin Japan irin su Yamaha, wanda ya fito da samfurin Clavinova a 1983, da Kawai da Roland suke kwaikwayo ta hanyar sanya 'yan ƙarafa masu lilo a ƙarƙashin madannai. Ƙananan fiyanon da mawaƙan fina-finan Hausa suka saba da su a Kano kuwa, sifirin ne ke mayar da madannansu, shi ya sa ba su da nauyi. Ɗalibin da ya koyi kiɗa a kan irinsu yakan sha wuya ran da ya zauna gaban babban fiyano.

Don haka ya kamata mai saye ya gwada kafin ya biya. Ya ɗora awon giram 50, irin na masu sayar da zinari, a bakin madanni na tsakiya, ya ga ko zai sauka a hankali. Ya kwatanta hagu da dama. Ya maimaita buga madanni ɗaya da sauri, domin wanda ke da na'urori uku masu gane motsi ya fi mai biyu saurin amsawa. Sannan ya tambayi dillali ko akwai kayan gyara a ƙasa, domin madannai su ne sassan da suka fi shan aiki.