JIJJIGAR MASU JUNA BIYU: RABON GADO DA AMFANIN AWO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Mu da muka tashi a gidajen limamai a Nima da Maamobi mun san bugun ƙofa na tsakar dare. Sau da yawa maigida ne a tsaye cikin ruɗewa, yana neman tofi, domin iyalinsa mai tsohon ciki ta faɗi tana jijjiga. Kafin gari ya waye an riga an yanke hukunci: waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce kishiya. Alhali kuwa makonni kafin nan fuskarta ta kumbura, ciwon kai ya hana ta barci, aka ce ai laulayin ciki ne. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan jijjiga ƙarshen wani hawan jini ne da ke kama mai ciki bayan mako na 20. Abin da ya fito fili a shekarun baya-bayan nan shi ne, wani sashe na sababinsa yana cikin gadon da uwa da uba suka haɗa.

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini da Allah Ya sanya su garkuwar jiki, akwai wani jinsi da aka gano a shekarar 1975 a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, ana kiransa NK. Aikinsu shi ne sintiri da hallaka duk ƙwayar jiki da cuta ta shiga, ko ta rikiɗe ta zama daji. To, yaya suke rarrabe na gida da baƙo? Ƙwayoyin jikinmu suna ɗauke da wata alama mai suna HLA, kamar tsagar gado da kakanninmu ke gane ɗan dangi da ita. Su kuma ƙwayoyin NK suna da waɗansu 'yan gaɓoɓi a bayansu da ake kira KIR, waɗanda su ne idanun da suke karanta tsagar. Waɗansu idanun umarninsu shi ne a dakata, waɗansu kuwa a tashi a yi aiki. Kuma tsagar da idanun ba tare ake gadonsu ba, kowanne da hanyarsa, shi ya sa haɗinsu ke sassaɓawa ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

A nan Gana aka sami ɗaya daga cikin manyan hujjojin wannan sassaɓawa. A shekarar 2013 Paul Norman da Peter Parham na Jami'ar Stanford a Amurka, tare da Kwadwo Koram na Cibiyar Noguchi da ke Legon, suka buga bincike a kan mutum 235 daga maƙwabtanmu Ga-Adangbe. Sun ƙirga nau'o'in KIR har 175 da na HLA 81, kuma ba su sami mutum biyu masu haɗi iri ɗaya ba. Wannan yalwa rahama ce ga al'umma, domin cutar da ta kuɓuce wa garkuwar wani, ta wani za ta cafke ta.

Ina alaƙar wannan da ciki? A watannin farko, ƙwayoyin NK su ne mafi yawan fararen ƙwayoyi a bangon mahaifa, sai dai a can ba kisa ne aikinsu ba. Su ne ke taimakon mabiyiya ta kafu sosai, jijiyoyin mahaifa su buɗe, jini ya wadaci ɗan tayi. Ita kuwa mabiyiya tana ɗauke da tsagar ɗan, wadda rabinta daga uba ta fito. A shekarar 2004 Farfesa Ashley Moffett da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa idan uwa ta gaji nau'in KIR da ake kira AA, wanda dakatarwa ta rinjaya a cikinsa, ɗan kuma ya zo da tsagar da ake kira C2, haɗarin wannan ciwo yana ƙaruwa. Dalili shi ne ƙwayoyin sukan yi sanyi, mabiyiya ta kasa kafuwa yadda ya kamata, daga baya jinin uwa ya hau. A shekarar 2015 kuma Dakta Annettee Nakimuli ta tabbatar da haka ga matan Afirka a Asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Yuganda, ta kuma gano wani nau'in KIR mai kare waɗansu matanmu, dabam da wanda ke kare matan Turai.

Sai mu yi hattara da fahimta, ya 'yan'uwa. Wannan gado ƙarin haɗari ne kawai, mata da yawa masu shi suna haihuwa lafiya. Akwai kuma waɗansu sabubban, kamar cikin fari, da tagwaye, da ciwon sukari, da hawan jini na dā. Ba laifin mata ba ne, ba na miji ba, kuma babu wani gwajin KIR da ake yi kafin aure kamar na sikila. Duk wanda ya zo yana tallar irinsa, kuɗinmu yake nema.

Abin da ke hannunmu shi ne awo. Idan ma'auni ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, aka kuma ga furotin a fitsari, ma'aikatan lafiya sun san matakin ɗauka. Likita kan ba masu haɗari ƙaramin asfirin tun da wuri, akwai kuma allurar magnesium sulphate mai tare jijjiga. Tun 2008 gwamnati ta sanya kula da masu ciki kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2016 take shawartar ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Asibitin Maamobi yana tsakiyarmu, Ridge da Korle Bu ba su da nisa.

Saboda haka, ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk alamu ne na a tafi asibiti a ranar, ba a jira gobe ba. Ko bayan haihuwa a ci gaba da lura, domin ciwon kan taso a kwanakin jego. Magidanta su ba da izini da kuɗin mota tun kafin a tambaye su, iyayenmu mata kuma su daina cewa mace ta daure. Malamanmu, idan an buga ƙofa, a yi addu'a mota na tafiya, domin neman magani yana cikin tawakkali.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa. Amin.