GPS Ya San Inda Jirginka Yake, Amma Taswirar Ta San Inda Dutse Yake?

A daren 29 ga Nuwamba 2014, wani jirgin ruwan tsere mai tafiya da ƙarfin iska, na ƙungiyar Team Vestas Wind, ya afka wa duwatsun murjani a tsakiyar Tekun Indiya yana gudun kusan kilomita 35 a awa. Mutum 9 ne a cikinsa, suna gasar kewaya duniya, sun taso daga Afirka ta Kudu za su Abu Dhabi. Duwatsun da suka daka, waɗanda ake kira Cargados Carajos, tsawonsu ya haura kilomita 50, kuma an daɗe da sa su a taswira. GPS ɗin jirgin bai samu matsala ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma jirgin ya yi kaca-kaca.

To yaya aka yi ƙwararru masu kayan aiki na zamani suka kasa ganin abin da ya kai kilomita 50? Amsar tana cikin yadda taswirar teku ta lantarki take aiki. Irin wannan taswirar ce kuma dubban mutane suke dogara da ita a yau, wato masu ƙananan jiragen da suke yawon shaƙatawa daga tsibiri zuwa tsibiri a Bahar Rum ko Karibiyan ko Tekun Fasifik, wasu ma da iyalansu suke zaune a cikin jirgin shekara da shekaru. Da yawansu waya ko tablet ce a hannunsu, da manhaja irin su Navionics, C-MAP, Aqua Map, ko OpenCPN wadda kyauta ce.

Me ya raba taswirar teku da ta hanya?

In ka buɗe Google Maps a cikin gari, titi kake nema, kuma titin yana gabanka kana ganinsa. A teku kuwa abin da zai hallaka ka ba ka ganinsa, yana ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa taswirar teku cike take da ƙananan lambobi, kowace lamba zurfin ruwa ce a wannan wurin. Akwai alamun duwatsu, da tudun yashi, da tarkacen jiragen da suka nutse, da wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku, da fitilun gaɓa tare da launin kowace da yadda take ƙiftawa. Har irin ƙasar da ke ƙarƙashi ana rubutawa, laka ce ko yashi ko dutse, saboda mai son jefa anga ya san ko za ta kama.

Lambar zurfin ma tana da sharaɗi. Teku yana cikowa yana janyewa, galibi sau biyu a yini, saboda jan wata da rana. A Mashigin Fundy na Kanada bambancin yakan kai mita 16. Don haka ake auna zurfin taswira daga wani mataki na ƙasa-ƙasa, kusa da iyakar inda ruwan yake janyewa. Ga misali: taswira ta ce mita 1.5, gindin jirginka yana nutsewa mita 1.8. In ruwa ya ƙaru da mita 2, kana da mita 3.5, ka wuce lafiya. In ka zo lokacin da ƙarin bai wuce santimita 20 ba, mita 1.7 ke nan, ka zauna a kan yashi. Manhajojin yanzu suna nuna jadawalin cikowar ruwan a kan allo, wanda da sai an buɗe littafi an yi lissafi.

Taswirar hoto da taswirar bayanai

Taswirar lantarki iri biyu ce. Ta farko ana ce mata rasta, hoton taswirar takarda ce kawai aka sa a kwamfuta. Duk abin da ke kan takardar yana nan, in ka zuƙo sai rubutun ya ƙara girma, in ka matsa da yawa ya dushe. Ta biyu ana ce mata bekta, ita ba hoto ba ce, rumbun bayanai ce. Kowane dutse da kowace fitila an adana su daban, da wurinsu da bayaninsu, sai manhajar ta zana su a lokacin da kake kallo.

Bekta ta fi amfani ta fuskoki da yawa. Za ka iya gaya mata nutsewar jirginka, ta shafa wa duk inda bai kai wannan zurfin ba wani launi. Za ka iya taɓa fitila ta ba ka bayaninta. Tana iya yin ƙara in ka nufi haɗari. Amma fa tana da wata ɗabi'a: in ka ja da baya don ka ga teku mai faɗi, sai ta riƙa ɓoye ƙananan bayanai don kada allon ya cunkushe. Abin da ya faru da Vestas Wind ke nan. Rahoton bincike da aka fitar a Maris 2015 ya nuna cewa a matakin da aka duba hanyar, wurin ya fito kamar tudu ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfin kusan mita 40. Sai an zuƙo sosai duwatsun suke bayyana. A taswirar takarda ta yankin kuwa, ga su nan ɓaro-ɓaro.

Duniya dai ta riga ta karkata ga bekta. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta wa manyan jirage na'urar taswira da ake kira ECDIS, aka shigo da dokar daki-daki daga 2012 zuwa 2018. Hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a 2019 cewa za ta daina fitar da taswirorinta na takarda na gargajiya da na rasta, kuma zuwa farkon 2025 ta kammala. Ofishin taswirar teku na Birtaniya ya ce a 2022 zai daina takarda nan da 2026, sai masu amfani da ita suka yi ƙorafi, ya ɗaga zuwa aƙalla 2030. Ƙananan jiragen shaƙatawa ba sa ƙarƙashin dokar ECDIS. Manhajojin da suke amfani da su na kamfanoni ne da suka ɗauko bayanan hukumomi suka sake shirya su, shi ya sa da ka buɗe yawancinsu za ka ga gargaɗin cewa mataimaka ne kawai, ba su maye gurbin taswirar hukuma ba.

Yadda waya take sanin inda take a tsakiyar teku

Mutane da yawa suna ɗauka sai da sabis ko data GPS yake aiki. Ba haka ba ne. Taurarin ɗan adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana aiko da saƙon da ke cewa ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko. Wayar sauraro kawai take yi. Tana lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka, ta ninka da gudun haske, ta samu nisa. Da taurari huɗu ta gano wurinta. Na huɗun saboda agogon waya ne, don kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300. Wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Galileo na Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin, kuma a fili sukan kawo ka cikin 'yan mitoci kaɗan daga ainihin inda kake.

Abin da yake buƙatar intanet shi ne taswirar kanta, don haka ake sauke ta tun jirgi yana tasha. Wani abin lura kuma, iPad ɗin da ba ya ɗaukar layin waya ba shi da GPS a cikinsa, sai an haɗa masa na waje.

Ɗigon daidai ne, shimfiɗar fa?

Nan ne gizo yake saƙar. Ɗigon da ke nuna jirginka yana iya zama daidai cikin mita 5, amma taswirar da aka ɗora shi a kai ta dogara ne da awon da wani ya yi, wataƙila shekaru fiye da ɗari da suka wuce. A da, igiya ake ɗaura wa dalma a jefa, a auna, a matsa gaba a sake jefawa. Duk dutsen da ya faɗa tsakanin jifa biyu, babu wanda ya san da shi. Wurin da aka yi awon ma da taurari da agogo ake ƙiyasta shi. Yanzu sauti ake aikawa ƙasa a jira amsa-kuwwarsa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, don haka in ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.04, ya yi mita 60, zurfin mita 30 ke nan. Jiragen awo na zamani, irin NNS Lana da sojojin ruwan Najeriya suka karɓa daga Faransa a 2021, suna aika ɗaruruwan irin wannan sauti a lokaci guda, su share ƙasan teku kamar tsintsiya.

Sai dai aikin yana da tsada kuma teku yana da faɗi. Shirin Seabed 2030, wanda aka fara a 2017 da burin auna ƙasan teku gaba ɗaya, ya sanar a 2024 cewa kashi 26 cikin 100 da ɗan ɗoriya kawai aka auna da kayan zamani. Kuma hukumomi sun fi mai da hankali ga hanyoyin manyan jiragen kasuwanci. Lungunan tsibirai masu kyau da shiru, inda masu yawon shaƙatawa suka fi so, su ne sau da yawa awonsu ya fi tsufa.

A Janairu 2013 jirgin sojan ruwan Amurka USS Guardian ya hau duwatsun murjani na Tubbataha a Filifin. Taswirar lantarkin da yake amfani da ita ta ajiye duwatsun kusan kilomita 15 daga inda suke. Ƙarshe sai yanka jirgin aka yi gunduwa-gunduwa aka kwashe. Akwai kuma akasin haka: wani tsibiri mai suna Sandy, tsakanin Ostireliya da Sabuwar Kaledoniya, ya daɗe a taswirori har da Google Earth, sai a Nuwamba 2012 masu bincike daga Ostireliya suka bi ta wurin da jirginsu suka tarar ruwa ne zalla mai zurfi.

Saboda irin wannan ne Ƙungiyar Awon Teku ta Duniya, mai hedikwata a Monako tun 1921, ta tsara matakan amincin awo: A1, A2, B, C, D, sai U ga wanda ba a tantance ba. A yankin A1 kuskuren wuri 'yan mitoci ne. A yankin C yana iya kai mita 500. A taswirar takarda akan sa ƙaramin zane a gefe da ke nuna shekarar da aka auna kowane yanki. A allon waya kuwa awon ƙarni na 19 da na bara duk launi ɗaya ne, duk tsaf-tsaf, kuma ba kowace manhaja ke nuna matakin ba. Zuƙowa ma tana yaudara. In asalin taswirar ma'auninta 1:500,000 ne, layi mai kaurin milimita 1 yana wakiltar mita 500. Ko ka zuƙo har ka ga kamar kana iya ratsawa tsakanin duwatsu biyu, ba ka ƙara wa awon inganci ba ko kaɗan.

Sauran abin da manhajar ke nunawa

Yawancin manhajojin suna karɓar saƙon AIS, wato tsarin da jirage suke sanar da sunansu da wurinsu da gudunsu ta rediyo. Manhajar takan lissafa yadda za ku kusanci juna da wani jirgin da kuma minti nawa ya rage. Dole ne ga manyan jiragen kasuwanci da na fasinja, amma ƙananan kwale-kwalen masunta da yawa ba su da shi. Allo ya nuna babu kowa, ba yana nufin babu kowa ba. Akwai kuma zurfin da masu jirage suke aunawa da na'urorinsu su tura wa kamfani a haɗa. Yana taimakawa a wuraren da yashi ke yawan sauya wuri, amma babu hukumar da ta tantance shi. Haka nan hanyar da manhaja take zana maka da kanta: lissafi ne a kan bayanan da take da su, in bayanan sun yi kuskure ita ma ta yi.

Shi kansa ɗigon yana iya yin ƙarya. A Yuni 1995 jirgin fasinja Royal Majesty, ɗauke da mutum fiye da 1,500 daga Bamuda zuwa Boston, wayar eriyar GPS ɗinsa ta cire. Na'urar ta koma ƙiyasi da gudu da alkibla, ma'aikata ba su lura ba har tsawon awa 34, jirgin ya kauce kusan kilomita 31 ya hau tudun yashi kusa da tsibirin Nantucket.

Abin da gogaggun matuƙa suke yi

Ba wai a jefar da waya a koma takarda ba ne. Taswirar lantarki ta sauƙaƙa tuƙi matuƙa, musamman da dare ko cikin hazo. Abin da masu koyar da tuƙi suke nanatawa shi ne kada hujja ta zama ɗaya. Kafin a tashi, a zuƙo a bi hanyar da aka zana taku-taku daga farko har ƙarshe, ko da za ta ci awa guda. A duba shekarar awo da matakin amincinsa, in C ne ko D a ba duwatsu tazara mai yawa. A riƙa gwada lambar taswira da abin da na'urar auna zurfi ta jirgin take nunawa, in sun saɓa to akwai magana. A ɗauki alkiblar fitila ko tsauni da kamfas a ga ko ta dace da ɗigon. A rubuta wurin jirgi a littafi duk bayan awa, saboda waya tana mutuwa, tana zafi a rana ta kashe kanta, ruwan gishiri kuma ba ya raga mata. A wuraren murjani kuwa, ana shiga ne da rana ta ɗaga tana bayan matuƙi, mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ya fara raguwa, ruwan ƙasa-ƙasa dutse ne. A nan kam gani ya kori ji, in ido da allo suka saɓa, ido ake bi.