Idan mai ya ƙare wa jirgi a sama

Mai karatu, mota in mai ya ƙare, direba sai ya ja gefe. To ƙaramin jirgi fa?

Da awa matuƙi yake lissafin mai. Jirgi mai kujera 4 yakan sha kamar lita 30 a awa. In ya tashi daga Damagaram zuwa Dirku da hunturu, iska tana tare shi ta gaba. Tafiya ta yi tsawo, mai na ta ƙonewa. Shi ya sa ake ɗaukar rarar rabin awa aƙalla.

In injin ya mutu, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. A hankali yake saukowa, matuƙi ya nemi faƙo ya dira, don rairayi mai laushi yakan kifar da shi.