Ƙiyayyar Da Yaro Ke Tsinta A Waya Da Bakin Manya

Iyayen yara na Kuberi da Jega da Aliero da Maiyama, a kula da abin da ke shiga kunnen yara a shagon caji. Ka aiki ɗanka ya kai waya, ya zauna a benci yana jira. Wani saurayi ya kunna saƙon murya na WhatsApp, ga wani da ba a san ko wane ne ba yana rantse-rantse cewa wata ƙabila ce kaf ɗinta ta haɗa baki a kan wata. Sai bidiyon gawarwaki ya biyo baya, babu sunan gari, babu rana. Wasu su yi salati, wasu su ɗura ashar. Yaron bai ce uffan ba. Amma da la'asar, da mai nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida, shi ne zai ja hannun ƙanwarsa ya ce kada ta matsa kusa da "waɗannan mutanen".

Babu mai musun cewa an zalunci jama'a. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba a hana shi kuka. Inda ake yin ɓarna shi ne a ɗauki laifin ɗan bindiga a ɗora wa duk wanda ya yi kama da shi. A gari yaro ya ji "Fulani ne ɓarayi", a ruga yaro ya ji "Hausawa ne 'yan sa-kai", kowanne ya girma da abin da aka shayar da shi.

Maƙwabtanmu na Sakkwato sun ga ƙarshen wannan hanya. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta Gwadabawa suka kashe Fulani 11. Ba a yi mako biyu ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum 43 suka rasu. Duka ranakun biyu, masu cin kasuwa ne suka kwanta dama. Daga baya gwamnatin jihar ta haramta ƙungiyar sa-kai, amma an riga an yi marayu.

Masu hura wutar nan a Facebook da TikTok suna son jingina maganarsu da tarihi, wai jihadin 1804 yaƙin ƙabila ne. To, mutumin Jega bai kamata a ruɗe shi da wannan ba, don labarin a ƙofar gidansa ya faru. Malam Abdussalami, Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana na cikin dalilan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi, ya rasu a 1818. Ga zumunci, ga jini, duk a labari ɗaya. Ɗansa Buhari yana da dalilin riƙe gaba fiye da duk wani mai zagi a waya, amma ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega. Wannan sashen ba ya shiga bidiyon minti biyu, don sulhu ba ya tara mabiya.

Kada kuma a fake da wasa. Barkwancin Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, ana yinsa ne ido da ido a rabu da dariya. Wanda ake yi a bayan ido, ana kiran mutane da sunan dabbobi, wani abu ne daban. Da irinsa rediyon RTLM ya share fagen kisan mutum kusan 800,000 a Ruwanda a 1994.

Aikin na gida ne. In yaro ya ce "su ne suka yi", tambaye shi: wa da wa? A wane gari? Wa ya gani? In shanu sun shiga gonar albasa ko ta shinkafa, a kai magana gun mai unguwa ko hakimi, a kira Arɗo, a yi kuɗin ɓarna, kuma a bar yaro ya ga yadda ake yi. Malaman Islamiyya su tsawata kan sunayen tsokana tun a aji.

Samari masu tura duk abin da ya faɗo wayarsu kuwa, su sani sashe na 26 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta yaɗa saƙon cin zarafin mutane saboda ƙabilarsu. Hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 10, ko duka biyun.